Tambayoyin Masu Karatu: Damben Boksin, Wasa Ne Ko Cin Zali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 16 ya ƙwallafa rai a kan damben boksin, har ya samo kulob ɗin da yake so in sa masa hannu ya shiga. Mahaifiyarsa ta ce sam, domin a ganinta mutum biyu su tsaya suna dukan kawunan juna rashin imani ne, kuma zai mayar da yaro mafaɗaci. Mene ne gaskiyar haɗarin wasan, kuma yana koya wa yaro mugunta? Daga wani uba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron mahaifiyar yaron yana da tushe, kuma duk wanda ya ce maka boksin ba shi da haɗari ya ɓoye maka gaskiya. A ƙwallon ƙafa ana jin rauni, amma tsautsayi ne ke kawo shi. A boksin kuwa naushin kai shi ne abin da aka zo yi, kuma hanya mafi sauri ta cin nasara ita ce a gigita abokin karawa har ya kasa miƙewa kafin alƙalin wasa ya ƙirga goma. Saboda haka ne Ƙungiyar Likitocin Birtaniya take kiran a haramta wasan tun 1982, kuma ƙasar Norway ta hana damben ƙwararru daga 1981 har zuwa 2014.

Fashewar gira da karyewar hanci suna tayar da hankalin mai kallo, amma suna warkewa. Babbar matsalar tana cikin ƙoƙon kai, inda ido ba ya gani. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa, idan naushi ya sauka a haɓa ko a gefen kai sai kan ya juya da ƙarfi, ita kuma ta girgiza ta bugi ƙashi, wani lokaci har ƙananan jijiyoyin jini su tsinke. Jinin da ya taru a wurin yakan danne ƙwaƙwalwa sannu a hankali, shi ya sa ɗan dambe zai iya saukowa daga dandali da ƙafarsa yana magana, jim kaɗan ya yanke jiki ya faɗi. Akwai kuma lahanin da ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana halin tsofaffin 'yan dambe da suke tafiya suna tangaɗi, harshensu ya yi nauyi, hannuwansu suna karkarwa, ga yawan mantuwa. Ba bugun kwaf ɗaya kaɗai ke jawo wannan ba. Ɗaruruwan naushin da ake sha wajen atisaye, inda babu 'yan kallo kuma babu likita, su ma suna taruwa. Kada kayan kariya su ruɗe ka. Safar dambe ta fi kare hannun mai duka a kan kan wanda ake duka, hular kariya kuma tana rage yankewar fata ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. Hukumar damben 'yan sha'awa ta duniya ma ta cire wa manyan maza hular a 2013, kuma ba su sa ta ba a gasar Olamfik ta Rio a 2016.

A kan batun mugunta kuwa, ban yarda cewa boksin da faɗan titi abu ɗaya ne ba. Mutanen biyu sun amince da karawar, an auna su an tabbatar nauyinsu ya zo daidai, kuma akwai wanda aka ba ikon raba su. Tun 1743 dokokin Jack Broughton a Ingila suka hana dukan wanda ya faɗi, sannan dokokin Queensberry na 1867 suka kawo safar hannu da turmi na minti uku da hutun minti ɗaya. Wanda ya tsallake wannan iyaka, masu wasan da kansu ne suke fara juya masa baya. Da Mike Tyson ya ciji kunnen Evander Holyfield a 1997, an kore shi daga karawar, aka ci shi tarar dala miliyan 3, aka kuma janye lasisinsa. A 1983 a birnin New York an gano cewa an rage abu mai laushi da ake cusawa cikin safar Luis Resto kafin ya kara da Billy Collins, wanda ya samu raunin ido da ya kawo ƙarshen dambensa, kuma Resto da kociyansa Panama Lewis duka sun yi zaman kurkuku. Kotu ta ɗauki abin da suka yi a matsayin laifin raunata mutum, domin Collins bai amince da irin wannan duka ba. Ban da haka, fushi ba ya cin dambe, domin wanda ya hasala yakan manta da tsaron fuskarsa, kuma kociya nagari abin da yake fara koya wa yaro shi ne haɗiye fushi da miƙa hannu ga wanda ya doke shi. Sai dai halin da yaro zai ɗauko ya danganta da kociyan, domin akwai waɗanda suke alfahari da ganin jini.

Shawarata ita ce ka je kulob ɗin da kanka, kada ka wakilta. Ka tambaya ko likita yana duba yara kafin su fara, sau nawa ake haɗa su gwajin dambe, ko ana la'akari da nauyi da ƙwarewa wajen haɗawar, da kuma abin da ake yi idan yaro ya sha naushi ya ga jiri. Idan amsar ita ce a watsa masa ruwa ya koma, ka ɗauke ɗanka. Haka nan idan ana sa yara ƙin cin abinci da shan ruwa don rage nauyi. Ka sani kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ba ta goyon bayan yara da matasa su yi boksin. A shekarunsa zai iya koyon tsalle da igiya, da dukan buhu, da takun ƙafa, ba tare da an taɓa kansa ba, kuma ni a nan zan so a tsaya tukuna. Idan har aka kai ga karawa, ciwon kai mai ƙaruwa ko amai ko yawan barci bayan naushi na nufin asibiti nan take. Michael Watson ya shafe kwana 40 cikin doguwar suma bayan karawarsa da Chris Eubank a Landan a 1991, kuma kotu ta samu hukumar damben Birtaniya da sakaci saboda rashin isasshen agajin gaggawa a bakin dandali.

TAMBAYA: Mun kalli wata karawa inda kociya ya jefa tawul don a tsayar da wasan alhali ɗan dambensa yana tsaye da ƙafarsa. Abokaina sun ce ragwanci ne, kuma an cuci 'yan kallo. Haka ne? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa, abokanka sun yi kuskure, kuma irin wannan tunani na 'yan kallo yana cikin abubuwan da suke sa 'yan dambe jure dukan da bai kamata su jure ba. An horar da ɗan dambe kada ya ce ya gaji, kuma ya ga irin gorin da aka daɗe ana yi wa Roberto Duran bayan ya janye a tsakiyar karawarsa da Sugar Ray Leonard a 1980, don haka da wuya ya tsayar da wasa da bakinsa. Dole wani ya yi masa. A Manila a 1975, kociya Eddie Futch ya hana ɗan dambensa Joe Frazier fitowa turmi na 15 a karawarsa da Muhammad Ali, duk da cewa Frazier yana son ci gaba, domin idanunsa sun kumbura har ba ya ganin naushin da ke zuwa. Ni ina ganin wannan a matsayin dattako mafi girma da kociya zai nuna. Shekara bakwai bayan haka Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a hannun Ray Mancini a Las Vegas, ya rasu bayan 'yan kwanaki, kuma mutuwarsa ce ta sa WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin dambe na duniya, ta rage karawar neman kambu daga turmi 15 zuwa 12.

Tsayuwa da ƙafa ba shaida ce ta lafiya ba. A 2019 Buddy McGirt ya tsayar da karawar ɗan dambensa Maxim Dadashev, ɗan ƙasar Rasha, bayan turmi na 11, alhali Dadashev yana zaune a kusurwarsa yana girgiza kai cewa bai yarda ba. Kafin ya kai ɗakin sauya kaya jikinsa ya saki, aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, ya rasu bayan kwana huɗu yana da shekara 28.