Shirme, shiririta da barkwanci: amsa ga masu karatu

Wani ɗan'uwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya rubuto yana tambaya: "Malam, waɗannan bidiyoyin da matasa ke sakawa a TikTok, wani ya ɗaura zane yana kwaikwayon tsohuwa, wani ya tsaya yana yi wa akuya wa'azi, barkwanci za a kira su ko shirme?"

Ɗan'uwa, kalmomin suna da kusanci, amma kowace da mazauninta. Shirme shi ne magana ko aikin da ba shi da kan gado, wanda farkonsa bai haɗu da ƙarshensa ba. Shiririta ta fi karkata ga halin mutum, wato rashin mai da hankali da ɓata lokaci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Barkwanci kuwa magana ce ta ban dariya da aka saƙa da hikima, kuma mai yin ta ya san inda ya dosa. Saboda haka mai barkwanci yana iya ɗaukar shirme ya yi aiki da shi da gangan, kuma a ganina yawancin masu sukar matasan nan ba sa rarrabe shirmen gangan da na rashin iyawa.

Wannan sana'a ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Ƴan kama sun daɗe suna ɗaukar salon wa'azin malamai ko waƙar wani babban makaɗi su juya ta ta koma yabon tuwo da miya, jama'a na dariya saboda sun san asalin abin da ake kwaikwaya, sun kuma ji yadda aka karkatar da shi. A fada akwai wawan sarki, a watan azumi akwai tashe, inda yara ke shigar tsofaffi suna bin gida gida. A finafinan Kano ma an sami waɗanda ake kira camama, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya nuna cewa yin wauta a gaban jama'a yana bukatar basira mai yawa. Abin da nake ƙi a wasu bidiyoyin yau shi ne batsa da tozarta naƙasassu, kuma waɗannan sunansu daban ne, bai kamata a laƙaba musu barkwanci ba.

Wata malama daga Tsibiri ta tambayi ma'anar karin maganar nan: "Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya."

Malama, wawa a nan shi ne wanda ba ya karɓar gyara idan an zo masa kai tsaye, sai ya fusata ko ya toshe kunne, shi ya sa ake naɗe masa gaskiyar cikin raha kamar yadda ake sa wa yaro magani a cikin kunu. Ke da kike Tsibiri kin fi kowa sanin haka, domin wasan da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi yana ba Bagobiri damar faɗa wa Bakatsine maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an kai ga sarki, kuma haka yake tsakanin taubasai. Hukumar UNESCO ta shigar da irin wannan wasa na tsakanin ƙabilu da dangi a Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Sai dai karin maganar tana da sharaɗi: dole a sami gaskiyar da ake son isarwa, sannan a sami dangantakar da ta halatta wasan. Matashin da ya ɗauki hoton dattijo a kasuwa ba da saninsa ba ya watsa don a yi dariya ba zai iya fakewa da ita ba, domin babu wasa tsakaninsu, kuma dattijon ba shi da hanyar ramawa.