Tambayi Anti Nas: Hannun da ƙuna ta naɗe, zai sake buɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni mai sayar da koko ce a Aboabo, nan Kumasi. Wata 14 da suka wuce, da asuba na gama dama koko ke nan, 'yata mai shekara uku da rabi ta taso daga barci tana nemana, ta yi tuntuɓe, hannunta na dama ya nutse a ciki. Maƙwabta suka taru, wannan ta fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta kawo man goge baki, daga baya muka riƙa shafa mata shuɗin maganin nan GV a gida. Sai da mikin ya yi wata biyu kafin ya rufe. Yanzu yatsu uku sun lanƙwashe sun manne da tafin hannu, da hagu take cin abinci. A asibitin unguwa an ce mu je wurin likitocin filastik. Uwar mijina ta ce roba za su sa mata, kuma canza halittar Allah ne, tun da ya warke a bar shi haka. Anti, lokaci ya wuce ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba yarinya lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Lokaci bai wuce ba. Amma ina roƙonki kada wani watan ya kama bai same ku a gaban likita ba.

Na yi shekara 19 ina wankin miki a ɗakin masu ƙuna kafin in ajiye aiki, kuma hannu irin na 'yarki na riƙe shi ya fi a ƙirga. Ga abin da ya faru da shi. Sabuwar fata daga tushen gashi da hanyoyin gumi take tsirowa. Idan ƙuna ta yi zurfi ta cinye su, jiki ba shi da wata dabara sai ya jawo bakin mikin daga kowane gefe, kamar yadda ake zuge zariyar wando. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu wannan aikin, suna ja kamar tsoka. Masu bincike a Janeba ta Suwizalan ne suka fara bayyana su a 1971. A gadon baya ko a cinya wannan jan ba ya hana mutum komai. A tafin hannu, wuya, hammata da bayan gwiwa kuwa, shi ne abin da kika gani. Ga shi kuma yaro ƙudundune hannu yake yi saboda a haka ne zafin ya fi sauƙi, sai tabon ya daskare yadda ya same shi.

Wata biyun nan da mikin ya yi a buɗe su ne suka yi ɓarnar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1983 ya nuna cewa ƙunar da ta wuce kwana 21 ba ta rufe ba, sama da kashi 70 cikin 100 tabo mai kauri take bari. Shi ya sa a asibiti, in aka ga ƙuna ba za ta rufe cikin mako biyu zuwa uku ba, ba a jira, dashen fata ake yi. Ban faɗi wannan don in ɗora miki laifi ba. Da abin da kuka sani kuka yi, kuma cikin firgici. Na faɗa ne don ki gane dalilin gaggawata: ƙashin yarinya yana girma, tabo kuwa ba ya bin girman yadda ya kamata. Kowace shekara yatsun ƙara lanƙwashewa za su yi, gaɓoɓin su sandare, har ƙashin ya tashi a karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma nata har yanzu ɗanye ne.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuma, ki je mata da ladabi, don tsoron Allah ne ya sa ta faɗa. Kalmar filastik a nan ba roba take nufi ba. Daga harshen Girka ta fito, ma'anarta tsara abu da hannu, kamar yadda maginiyar tukunya take sarrafa yumɓu. Da fatar yarinyar za a gyara hannun yarinyar. Ki kuma tuna mata da labarin Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Da yatsu biyar masu motsi Allah Ya halicci jikanyarta. Wuta ce ta canza su, likita mayar da su zai yi. In zuciyarta ba ta kwanta ba, maigidanki ya raka ta wurin limamin unguwa ta ji daga bakinsa.

Aikin kansa ga yadda yake. Za a sa yarinya barci, likita ya tsaga tabon da ya ɗaure yatsun har su miƙe. Idan tabon siriri ne kamar igiya, wani lokaci yanka mai siffar harafin Z ya isa, a juya fatar gefe ta ba shi tsawo. Idan kuma mai faɗi ne, kamar yadda nake zato daga bayaninki, wuri zai buɗe wanda sai an rufe shi. Sai a ɗebo fata, galibi daga lanƙwasar da ke tsakanin mara da cinya, a ɗinke wurin ya zama layi ɗaya da kamfai yake rufewa. Akan sa siraran ƙarafa a cikin yatsun su tsaya a miƙe na kamar mako uku, sannan a zare. Fatar da aka dasa ba ta da jini nata. Kwana biyun farko tsotsar ruwan mikin take yi ta rayu, daga nan ƙananan jijiyoyin jini su shiga cikinta. Shi ya sa ba a so hannun ya motsa ko kaɗan, kuma sai wajen kwana biyar ake buɗe bandejin farko. Ki sani tun yanzu: fatar za ta fi tafin hannu duhu, kuma yaron da yake kan girma yakan buƙaci a sake masa aiki bayan wasu shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an sallame ku. Tabo yakan yi shekara ɗaya, har biyu, yana sauyawa yana ja. Za a ba ku abin ɗaure hannu, kamar karan ɗori, ta riƙa kwana da shi watanni, ga zuwa wurin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ga murza tabon da mai safe da yamma. Man kaɗanya mai tsabta ma ya isa idan mikin ya rufe sarai. Ina sabuwar shiga aiki akwai wani yaro ɗan shekara biyar da aka buɗe wa hannu, aiki ya yi kyau ƙwarai. Uwarsa ta kama gefen rigata ta ce ba ya barci da abin ɗaurin, kuka yake yi har asuba, mutanen gida suna ƙorafi. Tausayi ya kama ni, na ce ta riƙa cire masa in ya matsa. Bayan wata bakwai suka dawo. Ya miƙo mini hannu mu gaisa, na ji yatsu biyu sun koma cikin tafinsa, ƙumba tana sukar fata. Uwar ba ta ce mini komai ba, ni ma na kasa ɗaga kai. Har yau ina jin nauyin wannan maganar tawa. Don haka in ta yi kuka, ki goya ta, ki lallashe ta, in abin yana cin fata ki mayar a gyara, amma kada ki ajiye shi a ƙarƙashin katifa.

Ku karɓi takardar turawa daga asibitin unguwa ku je asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mu mutanen Kumasi muke kira Gee, ku nemi sashen ƙuna da gyaran jiki. 'Yan'uwanmu na Nima, Mamobi da Madina kuma suna da cibiyar da aka buɗe a asibitin Korle Bu na Akra a 1997 don wannan aikin. Ki tabbatar katin inshorar lafiyarta bai mutu ba, kuma tun ranar farko ki tambayi abin da katin zai ɗauka da abin da za ku biya. In ya fi ƙarfinku, akwai ofishin jin daɗin jama'a a cikin asibitin, ba abin kunya ba ne shigarsa.

Ga masu koko, ƙosai da wake da shinkafa da suke karanta wannan: maganin farko na ƙuna ruwa ne. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta zubawa minti 20 cur. In famfo a rufe yake, a kama buta da randa, ɗaya na cikawa ɗaya na zubawa. Ko bayan awa ɗaya ne yana da amfani, har zuwa awa uku. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a lulluɓe sauran jikin yaro kada sanyi ya kama shi, a rufe wurin da tsumma mai tsabta, kada a fasa bororo. A Ostareliya an bi bayan yara kusan 2,500 da suka ƙone, aka buga sakamakon a 2020: waɗanda suka samu ruwan nan na minti 20 sun fi tsira daga dashen fata. Ƙwai, manja da man goge baki datti suke kai wa miki, shuɗin magani kuma rufe wa likita ido yake yi ya kasa gane zurfin ƙunar. Duk ƙunar da ta taɓa hannu, fuska, gaba ko gaɓa a jikin yaro, ta asibiti ce komai ƙanƙantarta.

Tambaya: Anti, ni budurwa ce daga Asawase. Na yi hudar kunne ta biyu, sai wani tsiro ya fito a bayan kunnen, yanzu ya kai girman gyaɗa, yana ƙaiƙayi. Wata ta ce in ɗaure shi da zare zai faɗi. Bikina saura wata biyar.

Amsa: 'Yata, Allah Ya sanya alheri. Ki rabu da zaren nan, haka ma duk wani magani mai cin fata. Wannan shi likitoci suke kira kiloyid, tabo ne da ya ƙi tsayawa a iyakar rauninsa, ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin jini a wasu gidajen. Duk sabon rauni abinci ne a gare shi. Ko likita ne ya yanke shi bai haɗa da wani abu ba, fiye da rabi dawowa suke yi, wani lokaci ma su fi na da girma.

Abin da aka saba farawa da shi allura ce da ake yi a cikin tsiron kansa, duk bayan mako huɗu zuwa shida. Tana da zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma ƙaiƙayin yakan lafa da wuri, tsiron ya yi laushi ya kwanta a hankali. In sai an yanke, to a haɗa da allurar da ɗan kunne mai matsewa da za ki sa watanni. Wata biyar za su isa ki ga sauƙi in kin fara yanzu. Kada ki matsa a yanke saboda ranar biki, ɗankwali zai rufa miki asiri. Kuma kada ki sake huda ko'ina.

Tambaya: Hajiya, ni makanike ne a Suame. Salansar babur ta ƙona mini ƙwauri, faɗin murfin kwalba biyu. Maigidana ya ce in bar shi ya sha iska ya bushe, wani ya ce zuma. Na kuma ga bidiyo a WhatsApp ana lulluɓe ƙuna da fatar kifi. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗana, maigidanka ya san inji, amma a nan ka bi tawa. A 1962 wani masani a Ingila, Joj Winta, ya gwada a jikin dabbobi ya ga mikin da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari ya bushe. Ɓawon da muke murna da shi shinge ne, sai sabuwar fata ta haƙa ta ƙarƙashinsa kafin ta wuce. Balle a Suame, inda iskar da zai sha ƙura ce da baƙin mai.

Zuma gaskiya ce, Suratun Nahl ta ambaci warakar da ke cikinta, kuma da aka tattara gwaje-gwaje a 2015 an ga tana rage kwana huɗu zuwa biyar a warkewar ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Sai dai wadda ake sa wa miki a asibiti an tace ta an kashe ƙwayoyin cutar cikinta. Ta bakin titi, wadda ba ka san ko an haɗa ta da sukari ba, ka bar ta a shayi. Bidiyon kifin ma ba ƙarya ba ne. Likitoci ne a Fotaleza ta Barazil suke amfani da fatar karfasa, tilapiyar nan da muke ci da banku, amma sai an wanke ta da sinadarai an bi ta da hasken kashe ƙwayoyin cuta an rufe a leda. Bandeji ce kawai, ana ɗaye ta in miki ya warke. Ta kasuwar Asafo ruɓar da ƙafarka za ta yi.

Ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, ka je a sa maka bandejin da ba ya mannewa, a riƙa canzawa, ka tambayi allurar tetanus in ka daɗe ba ka yi ba. Ƙunar salansa takan fi yadda ido yake gani zurfi, ƙwauri kuma wuri ne mai jinkirin warkewa, don haka in ka zauna ka riƙa ɗora ƙafar a kan benci. Idan tsakiyar ta yi fari ko ba ka jin taɓi a wurin, idan ja ya fara yaɗuwa, ko kana da ciwon suga ko sikila, gobe da safe ka tafi asibiti. In babu ko ɗaya, ka ƙirga daga ranar da ka ƙone. Kwana 14 bai rufe ba, ka kai wa likita ya gani.