Za a raba ni da akwatina a bakin jirgin ruwa: wace alama zan sa masa?

Wasiƙu biyar na ware a wannan makon, duka kan kaya da jirgin ruwan shaƙatawa, wato irin manyan jiragen nan masu hawa-hawa da mutum ke biyan kuɗi ya kwana ciki kamar otal yana yawo a teku. Da can sai a talabijin muke ganinsu. Amma tun da jiragen kamfanin MSC suka fara tashi daga Jidda a 2021, sannan Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, AROYA, a Disambar 2024, mutanenmu masu zuwa Umara suka fara leƙawa.

Wata Hajiya daga unguwar Badariya, Birnin Kebbi: "Malam, ɗana da ke aiki Jidda ya biya muna kwana uku cikin jirgin ruwa, ni da mahaifinshi, bayan mun ƙare Umara. Ya turo wasu takardu ta WhatsApp, ya ce in buga in ɗaura ga akwatunanmu, wai a bakin tasha za a karɓe kayan sai dare mu gan su. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan ba wanda ban sani ba akwatina in wuce? Kuma akwatunan namu baƙaƙe ne irin na kowa. In sayi sababbi?"

Hajiya, Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Abin da ya gaya miki haka yake, kuma akwai dalili. Jirgi irin AROYA tsawonsa mita 335 ne, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000. In kowa ya zo da jaka biyu, ki ƙiyasta yawan kayan da za a shigar cikin 'yan awoyi. Da za a bar kowa ya ja nasa, da magariba ta yi ba a gama cunkoso a ƙofa ba. Shi ya sa masu dako ke tsayawa a bakin tasha su karɓi manyan akwatuna, su loda a keji, a bi da su ta na'urar haska kaya, sannan ma'aikatan jirgi su rarraba su hawa-hawa, su ajiye kowanne a ƙofar ɗakin mai shi. Ma'aikacin da zai kawo naki bai san ki ba, bai san Badariya ba. Takardar da ɗanki ya turo kaɗai yake karantawa: sunanki, sunan jirgi, ranar tashi, hawa da lambar ɗaki.

Ni ɗan Yauri ne, kuma ina yaro na sha tsayawa bakin kogin Kwara ranar kasuwa ina kallon ana loda buhunan shinkafa da albasa a jirgi. Kowane ɗan kasuwa da alamarsa: wani gicciye da jan fenti, wani ɗigo uku na shuni a wuyan buhu, wani harafi ɗaya na ajami. Buhu ɗari iri ɗaya, amma in aka sauke a ƙetare ba a rigima. Wanda ya yi ƙyuya bai shafa fenti ba, shi ake ji yana rantse-rantse. Wannan takardar ita ce fentinki.

Ki kai shagon kwamfuta a buga miki, mai launi in da hali, don wasu jiragen suna bambance sassan jirgi da launi. Ki buga fiye da yawan akwatunanku. Akwai layukan da aka nuna a jiki inda za a naɗe ta ta zama siririya; ki naɗe, ki lulluɓe ta da salatif mai haske ciki da baya, don takarda ce kawai, gumi ko yayyafi ko gogayyar keji na iya cinye ta. Sai ki zagaya ta a hannun akwati na gefe ko na sama, wanda ba ya zuguwa, ki maƙale bakin biyu da sitefila. Ana sayar da wasu 'yan gidajen roba masu igiyar ƙarfe da aka yi don wannan takarda. Suna da kyau, amma kwana uku ba su kai ki sa a yi miki oda ba.

Kada ki ɗaura ta tun daga gida. Akwatin zai bi jirgin sama, ya yi Makka, ya yi Madina, kafin ya ga ruwa. Ki ajiye ta cikin jakar hannu, sai daren da za ku tafi tasha ki ɗaura, ki kuma ciccire tsofaffin takardun jirgin sama da suka manne a jiki.

Sababbin akwatuna kuwa, ki riƙe kuɗinki. Baƙin akwati ba laifi ba ne, rashin alama ne laifi. Na san abin da za ki ce: za ki ɗaura ƙyallen atamfa. Kowace Hajiya ma abin da ta ce ke nan, shi ya sa in kika tsaya wurin ɗaukar kayan alhazai za ki ga ƙyallaye kamar shagon tela. Ki sa yara su rubuta haruffan farkon sunanki da farin fenti, manya, a fuska biyu na akwatin, har da ƙasa wajen taya, don ba ki san ta wane gefe za a jingine shi ba. A ciki kuma, saman tufafi, ki shimfiɗa farar takarda mai sunanki da lambar ɗaki da lambar wayar ɗanki ta Saudiyya, tun da layinki na gida ba lallai ya yi aiki a can ba. In ta waje ta tsinke, akwatin yakan koma wajen ma'aikata, kuma wannan ta cikin ce za ta yi magana a madadinki. Ki ɗauki hoton kowane akwati a waya.

Abin da ya fi duk wannan: akwati na iya kaiwa la'asar, yana iya kaiwa bayan isha'i bai iso ba. Fasfo, takardun jirgi, maganin hawan jini ko na suga na Alhaji, tabarau, caja, darduma, da kaya sawa ɗaya, duk a hannunki. Gwal da kuɗi ma haka. Yarjejeniyar Atina ta 1974, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ɗaukar fasinja da kayansu a teku, wadda kamfanonin jiragen ruwa da yawa ke kafa hujja da ita a sharuɗɗan tikitinsu, ta ce kamfani ba ya ɗaukar alhakin kuɗi, zinari, azurfa da kayan ƙawa in sun ɓata, sai in an damƙa masa su ajiya. Sarƙar da kika sayo a Makka, in ta bi babban akwati ta salwanta, sai dai haƙuri.

Ranar sauka kuma wani salo ne. Daren ƙarshe za a kawo muku wasu takardun alama masu launi ko lamba, a ce ku ɗaura ku fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin wani lokaci, galibi tsakanin ƙarfe goma da sha biyun dare. Da safe ana kiran mutane rukuni-rukuni, ki sauka ki tarar da kayan a jere a zauren tasha ƙarƙashin launinku. A nan farin fentin nan zai biya ki. Kuma ki yi hattara da abin da ya same ni a tafiyata ta farko: na tattara komai tsaf, har da takalmi da hula, na tura akwati waje na kwanta ina yaba wa kaina. Da asuba na duba, daga ni sai jallabiyar barci da silifas ɗin banɗaki. Haka na bi layin jami'an shige da fice, wani Bature na yi mini murmushi yana zaton kayan gargajiya ne.

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga Jega: "Shekara ashirin ina tafiya da Ghana-mas-go, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yanzu yara sun ce sai na sayi akwatin roba mai taya huɗu. Ba ɓarnar kuɗi ba ce?"

Alhaji, a wannan karon yara sun fi ka gaskiya, ko da yake ba duka ba. Kafin ka kai ga ruwa sai ka hau sama, kuma can ne matsalar take: filin jirgin Dubai ya daina karɓar ƙunshin kaya marasa shimfiɗaɗɗen gefe tun 2017, Ethiopian Airlines kuma ya sanar da hana irin wannan jakar daga Najeriya a ƙarshen 2023, saboda tana maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya. A tashar ruwa ma akwatuna ake jibgawa kan juna a keji, kuma zif ɗin Ghana-mas-go ka san halinsa.

Inda ban bi yara ba shi ne girma. Ɗakin jirgin ruwa ƙarami ne, ƙarƙashin gado ake tura akwati in an kwashe kaya. Ƙato mai tauri da ya ƙi shiga, da shi za ka kwana kana tuntuɓe. Matsakaita biyu sun fi babba ɗaya. Kuma ka manta da kilo 32 da alhazai suka saba da shi. Yawancin tikitin jirgin sama na talaka kilo 23 ne kowace jaka, kamfanonin jiragen ruwa da dama ma kusan nan suke tsayawa. In ka je saye, kada launi ya ruɗe ka. Ka juya akwatin ka duba taya: da kusoshi aka ɗaure ta yadda mai gyara zai iya canzawa, ko manne take da jiki? Ka ja zif sau biyar. Ka ɗaga shi ta hannun gefe ka girgiza. Mai kyau na hannu, wanda aka ɗan yi amfani da shi, ya fi sabo mai ƙyalli da robarsa ke lotsawa in ka danna da yatsa.

Wata malamar asibiti daga Zuru: "Na ga ana tallar wani ɗan maɓalli da ake sa wa a jaka a riƙa ganin inda take a waya. Ya cancanci kuɗinsa?"

Malama, ya danganta da wayarki. AirTag na kamfanin Apple, da ya fito a 2021, da iPhone yake aiki. Mai Samsung sai SmartTag. Ba tauraron ɗan'adam suke amfani da shi ba, wayoyin mutanen da ke wucewa kusa da jakar ne ke kai rahoton inda take. A filin jirgin sama yana da amfani ƙwarai, za ki san ko jakarki ta biyo ki ko tana Adis Ababa. A cikin jirgin ruwa, zai iya nuna miki cewa ta shigo, amma taswira ba ta san hawa na shida da na sha biyu ba, ga bangayen ƙarfe. In kina yawan tafiya, ki saya. In sau ɗaya ce, fenti da takarda sun wadatar.

Wani matashi daga Argungu: "Zan raka kawuna. Wani maƙwabcinmu da za mu shiga jirgi ɗaya ya ce kayansa sun yi yawa, in ba shi takardar alama ɗaya daga cikin namu ya ɗaura ga jakarsa, in an kawo ɗakinmu ya zo ya ɗauka. Ina jin nauyin hana shi."

Ƙanena, ji nauyin, amma ka hana. Duk jakar da ke ɗauke da sunanka da lambar ɗakinka, a idon hukuma taka ce, da abin da ke cikinta. Ba ka manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, saboda wata jaka mai ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa shaidar sunanta alhali ba ta taɓa ganinta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan an gano masu hannu a ciki kuma gwamnati ta sa baki. Ita ba ta ba kowa takardarta ba ma ke nan. Kai kuma da hannunka za ka miƙa.

Ban ce maƙwabcinku mugu ne ba. Wataƙila shi ma wani ne ya ba shi saƙo bai buɗe ba. Amma ka lura da wani abu: takardar nan ba saye ake yi ba. Yana iya buga tasa sau goma, kuma in ya zo babu, masu dako a bakin tasha suna da fararen takardun alama da za su rubuta masa lambar ɗakinsa nan take. To me ya sa sai taku? Ka ce masa kawu ya hana, ka jingina da babba, zumunci bai ɓaci ba. Ragowar takardun da kuka buga kuma ka yayyaga su, kada ka bar su a ɗakin otal. Ka sa wa akwatunanku ƙaramin kwaɗo, ka ƙirga su a gaban mai dako, ka tsaya har ka ga sun hau keji. A tashoshin Amurka al'ada ce a ba mai dako dala ɗaya ko biyu kan kowace jaka. A wasu wuraren ba dole ba ne, amma ɗan ihsani ba ya ɓata tafiya.

Wata amarya daga Kamba: "Zan iya tafiya da buta, dutsen guga, kilishi da goron maigida?"

Amarya, Allah Ya ba da zaman lafiya. Butar alwala ta roba, ki sa abarki, ba mai tanka miki. Butar lantarki ta dafa shayi, dutsen guga, hita, kyandir, garwashin turaren wuta da kasko, waɗannan kusan duk jiragen sun hana, domin ba abin da matuƙan ruwa ke tsoro kamar gobara. Wayar ƙarin soket ma da yawa suna karɓewa. In na'ura ta hango ɗaya daga ciki, akwatin gaba ɗaya ake tsarewa. Sauran mutane na buɗe nasu, ke kuma a turo miki takarda ki sauko ƙasa ki buɗe a gaban jami'an tsaro, su riƙe abin su ba ki rasit, sai ranar sauka ki karɓa. Ki yi gugarki a gida, ki naɗe kayan kamar tabarma maimakon ninkewa, ko ki biya masu wanki na jirgin.

Kilishi da dambun nama na gida, sau da yawa ba sa wucewa. Abin da ke rufe cikin ledar kamfani aka fi bari. Abinci kuwa yana cikin kuɗin da aka biya, har sai kin gaji da shi. Goro, in ta Saudiyya za ku bi, hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa haramtacce ne a can, kuma an sha tsare mutane a kansa. Maigida ya ci rabonsa a Kamba kafin ku hau mota.