Ku Tambaya Mu Amsa: Ta Ina Ƙwaya Ke Shigowa Kebbi?

Daga wani mai karatu a Kamba: Assalamu alaikum. Kullum muna jin an kama tiramol a hanyar Kamba ko ta Bagudo, alhali ba a nan ake yin ta ba. Me ya hana a tare ta tun can inda ake sarrafa ta?

Wa'alaikumus salam, Malam. Yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke riƙe da harkar miyagun ƙwayoyi. Ta 1961 ta shafi tabar wiwi da ganyen koka da ofiyom da abin da ake tatsa daga gare su, irin su hodar iblis da kodin. Ta 1971 ta ƙara magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, irin su diyazefam da matasa ke kira D5. Ta 1988 kuma safarar ce kanta ta sa a gaba. Najeriya da Nijar da Benin duk suna ciki.

Maganin da ke cikin jerin yarjejeniyar 1961 ba ya tafiya sai da takarda. Kowace shekara ƙasa za ta sanar da hukumar INCB, mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi a duniya, da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya, yawan abin da asibitocinta ke buƙata. Mai son shigo da shi Najeriya zai nemi izini a NAFDAC, ƙasar da za a ɗauko shi kuwa ba za ta ba da izinin fitarwa ba sai ta ga wannan takardar. Abin da aka aiko da abin da aka karɓa dole lissafinsu ya zo ɗaya.

To, tiramol ba ta cikin waɗannan jerin. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun sha duba ta, suka bar ta a waje, cikin dalilansu har da tsoron kada majinyata a ƙasashe matalauta su rasa maganin raɗaɗi. Ke nan kowace ƙasa da dokarta. Indiya, inda mafi yawan wadda ake kamawa a yankinmu ta fito, sai a Afrilun 2018 ta sa ta ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. Masu safara ba su zauna ba, suka koma wani haɗin magunguna biyu, tafentadol da karisofrodol, wanda Indiya ta haramta sarrafa shi da fitar da shi a Fabrairun 2025. Ana toshe rami, ɓera na haƙa wani.

Dubi bayan katin tiramol ka ga lamba. Najeriya ta amince da miligiram 50 da 100 ne kawai. Duk katin da ke ɗauke da 200 ko 225 ko 250 ba na asibiti ba ne. Iyakar abin da likita ke ba babba a yini miligiram 400 ne, wanda ya haɗiyi 'yar 225 guda biyu ya riga ya zarce, shi ya sa ake ganin jijjiga kamar ta farfaɗiya.

Hanyarta kuma kun fi mu sani. Kwantena na sauka a Kwatano ko Lome da takardar kayan wucewa zuwa Nijar, kuma irin wannan kaya ba a cika tsananta masa bincike ba tunda ba a nan za a sayar da shi ba. Mota ta bi ta Faraku da Kandi zuwa Malanbil a ƙasar Benin, Gaya ta Nijar na tsallaken kogi, Kamba kuwa tana maƙwabtaka da Gaya. A hanya ake fasa kwantenar a raba ta kwali-kwali, wani a kan babur ta cikin gonaki, wani a kwale-kwale ta wajen Dole Kaina ko Lolo, wani a tsakiyar buhun shinkafa. A tashar ruwa kwantena ɗaya ce, da lamba da takarda da sunan mai karɓa. A bakin iyakar Kebbi ta zama babura ɗari. Shi ya sa a ganinmu shirin binciken kwantenoni da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Ƙungiyar Kwastam ta Duniya suka fara a 2004 ya fi ƙarin shingaye goma a hanyar Birnin Kebbi amfani. Jami'ai kan tantance takardun jirgi tun bai iso ba: kamfanin da ba shi da adireshi na gaskiya, nauyin da bai dace da kayan da aka rubuta ba, hanyar da ta yi zagaye babu dalili.

Daga wata malamar makaranta a Argungu: Na ji a rediyo cewa wani lokaci jami'ai na ganin kaya su ƙyale su wuce da gangan. Wannan ba haɗin baki ba ne?

Malama, idan da izini aka yi, aiki ne da sashe na 11 na yarjejeniyar 1988 ya tanada. Dalilinsa a fili yake: wanda ake kamawa da kaya a hanya yawanci yaron aike ne, bai ma san sunan mai su ba. Sai hukumar da ta gano kayan ta sanar da takwararta a ƙasar da za su sauka, su amince tukuna. A ɗauki hoto, a auna, a ɗebi samfuri. Sau da yawa akan kwashe mafi yawan ƙwayar a cike gurbinta da abu mai nauyi iri ɗaya, don ko kayan sun ɓace ba guba aka saki cikin gari ba. Daga nan a riƙa bin su har hannun mai karɓa, a bari ya sa hannu ko ya buɗe, sannan a cafke.

Abu uku ke lalata shi. Labari ya fita, domin duk shingen da aka ce ya ɗaga wa motar ƙafa baki ne da ya ƙaru. Ko kayan su makara har mai su ya tsargu ya ƙi zuwa. Ko a yi sakaci da rubuta wanda ya riƙe kayan daga hannu zuwa hannu, lauya ya ce a kotu ba su ne aka kama ba.

Musayar bayanai tsakanin hukumomi tana biya. A Satumban 2022 NDLEA ta gano hodar iblis kusan tan 1.8 a wani gida a Ikorodu ta jihar Legas, ta kuma ce da haɗin gwiwar takwararta ta Amurka, DEA, aka yi aikin.

Daga wani ɗan kasuwa a Bunza: Dillali ya tsallaka Nijar bayan an kama yaransa. Ba za a iya bin sa a ɗauko shi ba?

Alhaji, jami'in Najeriya ba shi da ikon kama mutum a Gaya ko Doso, ko da yana hango shi. Hanya biyu ce. Ta sauri ita ce ta 'yan sanda, ta ofishin Intafol, a raba sunansa da hotonsa. Sai dai jar sanarwar da Intafol ke fitarwa don neman mutum roƙo ce, ƙasar da yake ciki ce ke yanke ko ta kama shi. Ta biyu ita ce ta shari'a: kotu ta ba da takardar kamu, a haɗa tuhuma da hujjoji, ofishin Antoni Janar a Abuja ya aika, a fassara komai zuwa Faransanci, alƙali a can ya duba. Laifin dole ya zama laifi a dokokin ƙasashen biyu. Ƙasashe da yawa kuma ba sa miƙa ɗan ƙasarsu, amma yarjejeniyar 1988 ta ce wadda ta ƙi miƙawa saboda wannan ta gabatar da batun ga masu gabatar da ƙara na gida.

Siyasa na ƙara nauyi. ECOWAS na da yarjejeniyar taimakon shari'a ta 1992 da ta miƙa masu laifi ta 1994, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Yarjejeniyar 1988 tana nan daram tsakaninmu, amma takarda ba ta tafiya da kanta idan jami'ai ba sa ɗaga wa juna waya. Abin da ya fi saurin taɓa irin wannan mutum shi ne dukiyarsa da ya bari a gida, domin dokar kadarorin haram ta 2022 ta ba da damar a nemi kotu ta riƙe asusu da gida da mota.

Daga wani direba a tashar Jega: Ana ba mu saƙo a ɗaure mu kai Sakkwato ko Yawuri. In aka samu ƙwaya a ciki fa?

Malam direba, kai za a fara riƙewa, da motar. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a, kuma dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da irin su hodar iblis yana sane, safara kuwa tana iya kaiwa rai da rai. Shari'arka za ta rataya ne a kan kalmar nan, "sane". Don haka kada ka karɓi saƙo a ɗaure. A buɗe shi a gaban ɗan kamasho, a rubuta sunan mai aikowa da na mai karɓa da lambobin wayarsu a littafin tasha. Kwalin magani kuwa sai da rasit na kemis ko kamfani mai rajista. Wanda ya ninka maka kuɗin mota ba ka roƙa ba, ko ya ce mai karɓa zai tare ka a bayan gari, mayar masa da kayansa. In har an kama, a auna kayan a gabanka, kuma kada ka sa hannu a kan bayanin da ba a karanta maka da Hausa ba.