Resefise na farko ba ya mayar da mutum Faransa

Wani ɗan'uwa ya turo mini saƙo: "Metir, a Liyon nake zaune, na ajiye dosiyen neman titir de sejur (katin zama) saboda ɗiyata 'yar Faransa ce, suka ba ni resefise (takardar wucin gadi mai shaida an karɓi dosiye) na wata shida. Baba ya rasu a Tawa na zo gaisuwa, ranar komawa kamfanin jirgi ya hana ni shiga a filin jirgin Diori Hamani alhali resefisen bai mutu ba. So nake in kai su ƙara su biya ni."

Allah ya jiƙan baba, ya ba ku haƙuri. Malam, ban ga takardarka da idona ba, don haka duk abin da zan faɗa bisa labarinka ne, amma in yadda ka faɗa ne to ina jin tsoro ƙarar nan ba inda za ta kai ka.

Ka ɗauka tunda kwanan resefisen bai ƙare ba kana da haƙƙin fita da shiga, ba haka ba ne. Resefise iri biyu ne kuma a ido kusan ɗaya suke. Na sabuntawa, wato wanda dama yana da katin zama ya ƙare yana jiran sabo, shi yana iya komawa in ya haɗa da tsohon katin da fasfo mai rai. Na neman farko kuwa zama kawai ya halatta maka cikin Faransa kafin firefektir, wato ofishin gwamnati mai ba da katin zama, ta yanke shawara, kana fita daga Shengen, wato ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, ya daina yi maka aiki a bakin iyaka. Ka ɗauko takardar yanzu ka duba sama, in ka ga "première demande" wato neman farko, to magana ta ƙare. Waɗanda suka ajiye dosiye ta intanet a ANEF, shafin gwamnatin Faransa na takardun baƙi, su ma su karanta atestasiyon ɗinsu har ƙasa, galibi akwai layin da ke cewa ta yarda a tsallaka iyaka ko ba ta yarda ba. Abu ɗaya da zai iya canza lissafin shi ne in da bizar dogon zama mai matsayin titir ka shiga tun farko, wannan ana iya ɗaukarsa sabuntawa, amma ba ka ambata ba.

Shi kuma kamfanin jirgin, dokar Faransa tana cin tararsa har yuro 10,000 kan kowane fasinja da ya kai ba cikakkun takardu, kuma shi zai maido shi da kuɗinsa. Ma'aikacin da ya maido maka fasfo a kantar kamfanin aikinsa ya yi, da wuya alƙali ya ga laifinsa. Ka je ajans ɗin da ka sayi tikiti da takardar rasuwa ka roƙi su ɗaga maka kwana ko su maido harajin filin jirgi, da lalama ana samu wani lokaci, da wasiƙar lauya sai su rufe ƙofa.

Abin da kake bukata biza ce ta komawa, yuro 99, wajen jika 65 ke nan. A nan ne wahalar take, don ambasad ɗin Faransa a Yamai an rufe ta a Janairun 2024, ke nan sai ka nemi randebu a wata ƙasa da ofishin bizar Faransa ke aiki, kuma ka tabbatar za su karɓi dosiyenka kafin ka kashe kuɗin mota. Takardun ka san su. Wanda ya fi nauyi shi ne shaidar kana ɗawainiyar yarinyar, rasit na kuɗin da kake turawa, takardar makaranta ko ta likita mai sunanka, don a kan wannan aka gina neman naka. Ofishin biza yakan tambayi firefektir kafin ya amsa, firefektir kuwa, kai ma ka sani, tana iya share mutum makonni ba ko "mun gani", abin yana ba ni haushi ƙwarai ga mutumin da mutuwar uba ta fitar da shi. Don haka uwar yarinyar ta aika wa firefektir wasiƙa rekomande yau, da kwafin resefise da takardar rasuwa, ta ce ba barin ƙasar ka yi ba, kuma ta riƙa duba akwatin wasiƙarka kar a kira ka ɗaukar yatsu ba ka nan. In shiru ya yi yawa ta je wajen wakilin Défenseur des droits, hukumar kare haƙƙin jama'a, na unguwarsu, kyauta ne, suna shiga tsakani.

Kotu tana nan, amma ni a ƙarshe nake ajiye ta. In aka hana ka bizar kana da kwana 30 ka kai kuka ga hukumar ɗaukaka ƙarar biza da ke birnin Nant a Faransa, in ta yi shiru wata biyu an ƙi ke nan, sannan kotun gudanarwa ta Nant, wadda shari'arta kan ɗauki watanni da yawa, resefisenka ya daɗe da mutuwa kafin nan. Kuma ba zan yi maka alkawarin za a ba ka bizar ba, musamman in ka taɓa zama ba takarda kafin ka ajiye dosiye.

Don Allah kar ka saurari masu cewa ka bi ta Beljik ko Italiya, iyakar Shengen ɗaya ce, takardar da aka ƙi a nan can ma za a ƙi ta. Ka turo mini hoton resefisen gaba da baya da shafin bizarka ta farko in duba kafin ka sake biyan ko dala.