Dalilin da ya sa nake yanka dogayen jimlolinka na Turanci

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa duk takardar koke ko ta neman aiki da ka tsara sai na datse jimlolinta na cire manyan kalmomi, alhali masu kawo mana aiki sun fi yaba Turanci mai nauyi. Gaskiya ne sun fi yaba shi, amma ba su ne za su karanta takardar ba. Wanda zai karanta ta jami'i ne da ke da tulin fayil a gabansa, kuma abin da yake nema shi ne ya san wa ya yi me, ga wa, yaushe, da abin da ake so daga gare shi.

A Turanci, wurin da kalma ta zauna a jimla shi ke bayyana aikinta. Turancin dauri yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen sunaye masu nuna aikau (mai yin aikin) da karɓau (wanda aikin ya faɗa wa), amma suka yi ta zubewa a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normandawa suka ci Ingila, har ya zama tsarin jeri ne ke ɗauke da nauyin ma'ana. Hausa ma aikau take gabatarwa, sannan aikatau (kalmar aiki), sannan karɓau, kuma wannan kamannin ne ke sa mu sakankance har mu faɗa rami. Dubi maganar bashi, wadda kusan kullum sai an kawo mana ita. Bahaushe zai ce mai gida yana bin ɗan haya bashi, ya sa mai kuɗin a gaba, amma aikatau na Turanci, mutumin da ake bi bashin yake sawa a gaba, sai a rubuta "The tenant owes the landlord". Idan ka bi jerin da mai magana ya ba ka, ka rubuta "The landlord owes the tenant", ka ɗora wa mutumin da ya biya ka ladan rubutu bashin da shi ke bin sa, kuma da hannunsa zai sa wa takardar hannu.

Sai batun "ya" da "ta" da "sun". A Hausa dole ne su biyo bayan suna, domin su ke ɗauke da lokaci: ya biya, zai biya, yana biya. Turanci a jikin aikatau da mataimakansa yake sa lokacin, saboda haka "My father he retired" kuskure ne, kuma na lura ba ka yin sa a gajeriyar jimla. Yana shigo maka ne idan ka jera bayani uku ko huɗu tsakanin aikau da aikatau, ka manta inda ka faro, sai ka sake ɗauko wakilin suna don ka riƙe zaren. Ta wannan ƙofa kuskuren dacewa yake shiga, inda aikatau ke bin sunan da ya fi kusa da shi maimakon aikau na ainihi, kamar mai rubuta "The list of workers are attached" alhali jerin guda ɗaya ne, "is" ya kamata. Ba na ƙin doguwar jimla don tsawonta. Wadda aikau da aikatau suka zo da wuri a cikinta, sauran bayani ya biyo baya daki-daki, tana iya kai layi huɗu ba ta karkace ba. Wadda nake yankawa ita ce wadda aka labta wa kaya a gaba, kamar jakin da aka tara wa mangala a wuya.

Manyan kalmomin da kake ƙauna galibinsu ta Faransanci da Latin suka shigo, shi ya sa ake da "commence" kusa da "begin", da "purchase" kusa da "buy". Suna da muhallinsu a takardun shari'a da yarjejeniya. A takardar dattijon da aka tsayar wa fansho kuwa, ba sa ƙara komai sai haɗarin a sa su inda ba su dace ba.

Inda nake so ka fi zurfafa tunani shi ne zaɓi tsakanin ambaton mai aiki da sakaya shi. Muna da "an" a Hausa, mu ce an tsayar da fanshona, Turanci kuma yana juya jimlar ya ce "My pension was stopped in March". Wasu malamai kan hana ɗalibai wannan siga gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda da su ba. Idan kana roƙon ofishin da shi ne ya tsayar da kuɗin, sakayawa ladabi ce da dabara, domin ba a nuna wa mutum yatsa sannan a miƙa masa ƙoƙon bara. Amma a takardar da ta shafi karɓar kuɗi, ko alkawari, ko sayar da fili, sakayawa cutar da mai takarda ce. "The money was collected" ba ta kama kowa. Dole ka rubuta wanda ya karɓa, da adadin, da ranar, ko da jimlar ta rasa daɗin ji.

Wannan shi ne abin da malaman balaga ke nufi da dacewar magana da halin da ake ciki. Aristotal ma, masanin falsafa na Girka, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce abu uku ke shawo kan mai sauraro: mutuncin mai magana, da hujjarsa, da taɓa zuciya. A aikinmu, mutunci yana fitowa ne daga takarda mai tsabta wadda ta faɗi ko wane ne mai ita a sakin layi na farko, hujja kuma ita ce ranaku da lambar fayil. Taɓa zuciya jimla ɗaya ta ishe ta, cewa mutum ne mai iyali wanda ba shi da wata hanyar samu, domin idan ta yi yawa sai ta koma magiya, jami'i ya daina ganin haƙƙi ya fara ganin alfarma. Buƙatar kanta ka ware mata sakin layi na ƙarshe, ka kuma ajiye kalma mafi muhimmanci a ƙarshen jimlar, inda muryar mai karatu ke sauka.

Tunda kana shirin zama jarrabawar WAEC, ka sani wasiƙar hukuma na cikin abubuwan da ake yawan tambaya, kuma masu duba takarda suna rage maki a kan kowane kuskuren nahawu da alamar rubutu, don haka abin da nake koya maka a shago zai yi maka aiki a can. Daga gobe, kafin ka buga kowace takarda, ka mayar wa mai ita da ita cikin Hausa jimla bayan jimla, kana kallon fuskarsa. Duk inda ya ce ba haka yake nufi ba, ko kai da kanka ka kasa gane wanda ya aikata aikin, ka ja layi a ƙarƙashin wurin ka kawo mini mu gyara tare.