Shatar Daura: amsar tsohon direba ga yaronsa

Ka ce an ba ka shata zuwa Daura gobe, ka kai ka dawo, kana tambayata ƙarfe nawa za ka tashi da man nawa za ka sha, wai wayarka ta nuna maka awa ɗaya da 'yan mintuna. To zauna. Sa wayar nan a aljihu tukuna, in ina magana ba na son ana latse-latse.

Ba zan tsaya koya maka duba baƙin mai da ruwan lagireto da iskar safaya ba. Wanda ya daɗe yana wanke mini mota amma bai san wannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Takardu ma ka san inda suke. Abin da ya kamata ka fara kawo mini shi ne wanda ba ka kawo ba: wane ne mutumin, me zai ɗauka, kuma ina ne a Daurar?

Daga nan Katsina zuwa Daura kilomita 80 ce, ko ta ɗara da kaɗan. Kwalta ce tun daga hanyar filin jirgi, ka ratsa Mashi, ka wuce Shargalle, ka shiga gari. Kusancin nan shi ne abin da ake cutar direba da shi. In mutum ya ce maka Legas ko Fatakwal, kai da shi duk kun san magana ce babba, za a zauna a yi ciniki a gaban mutane. Amma Daura sai ka ji an ce, "Haba direba, nan da nan ne fa." Da irin wannan daɗin baki aka raba ni da motata ta farko.

Fijo ce 504, doguwar nan ta fasinja, haɗin Kaduna, fara. Ba gado na ci ba, ba kuma wani ya saya mini ba. Tun ina yaron mota nake tara kuɗinta, ina kwana a kan buhuna, ina cin ragowar maigida, har Allah ya nufa na riƙe makullin da yake nawa. A tashar nan babu wanda bai san ƙarar injinta ba. Ko ƙura ba na bari ta kwana a jikinta.

Ran nan da damina, an idar da azahar, ina kan layi ina jiran lodi, sai ga wani dattijo da babbar riga da carbi a hannu, gemu fari fat. Bai je wurin 'yan kamasho ba, ni ya nufo kai tsaye, ya ja ni gefe. Ya ce 'yarsa ya aurar a Daura, gara zai kai, 'yan buhuna ne da mata biyu, cikin gari kusa da fada. Ya ce ba ya son hayaniyar tasha, ya ga alamar ni mutumin kirki ne. Muka yi ciniki a tsaye, ya ba ni abin da bai fi kuɗin mai ba, ya ce sauran in mun sauka, surukinsa zai cika.

Da muka je ɗaukar kaya, ba gida ya kai ni ba, wani shago ne a lungu. Aka yi ta fito da buhuna. But ya cika, aka kwantar da kujerar baya aka cika, aka koma saman mota. Matan da ya ce ban gan su ba, sai wasu ƙarti biyu. Na ce Alhaji, ba haka muka yi ba, wannan lodin a-kori-kura ne. Sai ya marairaice, ya haɗa ni da Allah da Annabi, ya ce kada in kunyata shi a gaban surukai, zai ƙara mini. Mu an tashe mu da jin nauyin mai furfura, ba kamar ku ba da kuke amsa wa dattijo magana kuna taunar cingam. Na ɗaure kaya, na ja.

A kan kwalta babu abin da ya same ta. Gindinta ya zauna, amma na lallaɓa ta, ban matsa mata ba, har muka shiga Daura rana na shirin yin sanyi. Na ce ina ne gidan? Ya ce ai ba cikin gari sosai ba ne, ɗan gaba kaɗan. Muka fita ta gabas, wajen hanyar Zango. Muka yi tafiya, na sake tambaya, ya ce ga shi can, bayan itatuwan can. Daga nan ya ce in sauka daga kwalta. Ka san ƙasar wajen, yashi ne zalla, ga hadari ya fara haɗowa. Na tsaya na ce iyakata nan. Ya rantse cewa ko kiran sallar garin ana ji daga inda muke. Ƙartin nan suka ce motoci na shiga kullum.

Kada ka zaci ban iya yashi ba. Na rage iskar tayoyi, na sauke mutanen, na sa giya ta biyu, na riƙe totur daidai ba tare da tsayawa ba. Da kayan da ya faɗa mini tun farko ne, da na ratsa na fito lafiya. Amma nauyin ya fi ƙarfinta. A wani kwari ta nutse har salansa ya taɓa ƙasa. Suna turawa suna ihu in ƙara wuta, kulochi ya fara ƙauri. Inji yana ta kuka a ƙaramar giya, motar ba ta tafiya balle iska ta bugi lagireto, allurar zafi ta haye. Kafin in kashe, tururi ya turnuƙe. Da ta huce na zaro sandar baƙin mai, sai na ga ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga mai. Nan na zauna a ƙasa.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya aika ɗaya daga cikin ƙartin, ba a jima ba sai ga kurar shanu, wadda ka san da ma tana jiransu. Suka kwashe buhuna tas. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi haƙuri ɗana, yanzu zan dawo da kuɗinka da bakanike." Ruwa ya sauko, magariba ta yi, isha ta wuce. A cikin motar na kwana, ina jin ruwa na dukan rufinta. Da safe na taka zuwa ƙauyen. Babu biki, babu amarya, babu wanda ya aurar da 'ya a watan. Mai garin ya ba ni fura, Allah ya saka masa, ya ce mutanen ba 'yan garin ba ne, fatake ne masu haurawa da kaya ta daji, kuma ba ni ne direban farko da suka yi wa haka ba.

Kuɗin janyo ta zuwa Daura bashi na ci. Bakanike ya buɗe ya ce ba gaskit kaɗai ba ne, kan injin ya tsage, ga kulochi ya tafi. Na sayar da tumakin uwargidanka, na gyara, amma ba ta ƙara komawa daidai ba. Yau zafi, gobe hayaƙi, fasinja suka fara gudunta. Ƙarshe na sayar da ita a wulaƙance na biya bashi, na koma tuƙa motar wani ina kai balas kowace yamma, ni da na riga na zama mai mota. Yaran da na koya wa riƙe sitiyari suna wuce ni da nasu.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe, na sake ganinsa. A kasuwar Mashi, yana zaune a rumfa yana cin tsire, da carbin nan nasa. Na riƙe masa riga. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba. Mutane suka taru, aka ce ina shaidarka? Wa ya ga cinikinku? An rubuta a tasha? Babu. Aka ce in sake shi, sa'an ubana ne, in bar wa Allah. Har wani yana ce mini mara kunya. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Mu haɗu a can.

Saboda haka mutumin naka, ko limamin unguwarsu ne, ya zo tasha a yi magana a gaban 'yan kamasho, su karɓi lambarsa, su ci nasu. Ɗan abin da suke cira ba asara ba ce, shi ne shaidarka. Ya faɗi unguwa, ya faɗi ƙofar gidan da za a tsaya. Mutum zai ce Daura alhali Sandamu yake nufi, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, ko ma bakin iyaka a Kongolam, don duk ƙasar Daura ce a bakinsa. Kowanne da kuɗinsa. Inda kwalta ta ƙare, nan motata ta tsaya, sauran ya nemi ɗan acaɓa. Kuɗi kuma a hannu kafin ka tayar, duka, ba rabi ba. Kada ka yarda da "na tura, duba wayarka" sai ka ga sun shiga da idonka. A yanka kuɗin jira tun a nan, don mai shata in ya shiga gidan 'yan uwa mantawa yake da akwai direba a waje.

Kaya kuma ka sa hannu ka taɓa, ka sa a kwance bakin buhu. Yankin iyaka ne, akwai kwastam a hanya, kuma tun rufe iyakar da aka yi a 2019 ido ya ƙaru a kan shinkafa 'yar waje da mai a jarka. In aka kama, ba kayan kaɗai ake riƙewa ba, har motar da ta ɗauko su. Mai kaya zai sulale ya bar ka da bayani. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilas, ka cire abin kunnen nan naka, ka gaida mutane.

Mai, ka yi lissafin zuwa da dawowa, kilomita 160, ka ƙara na yawon cikin gari. Motar nan da kaya, sa mata lita 20 hankalinka ya kwanta. Ka sha a gidan mai a nan kafin ka fita, ban yarda ka zuba mini na bumburutu ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wanda ya yi cinikin shata a kan zuwa kaɗai, yana sa ran fasinjan dawowa su cike masa, aikin banza ya yi. Kana iya dawowa wayam.

Batun lokaci, wayarka ta san kilomita amma ba ta san rana ba. Daura gabas take da mu. In ka yi sammako da fitowar rana, tana cikin idonka tun daga filin jirgi har Mashi, ba ka ganin mai keke, ba ka ganin akuya. Bari hantsi ya ɗaga, wajen takwas da rabi zuwa tara, sannan ka kama hanya. Dawowa kuma yamma za ka fuskanta, in ka yi la'asar sakaliya a Daura, ranar da ka guje wa da safe ita za ta tare ka. Ka yi azahar a can ka juyo, in ya yi tsanani ƙarfe uku. Ban yarda magariba ta same ka a hanya ba. Lokacin ne shanu ke komawa gida, kurar shanu ba ta da fitila, masu babur rabinsu ba su da danja, ga manyan motoci suna haske maka ido ba sa ragewa. Ka tambaya a tasha ko gobe kasuwar wani gari ce a kan hanyar. In ranar kasuwar Mashi ce, ƙara rabin awa a lissafinka, ka ratsa garin a giya ta biyu, hannunka a kan oda.

Gudu kuma, na san halinku. Kun ga hanya ta miƙe sai ƙafa ta yi nauyi, har da ɗaga waya ana ɗaukar maleji a tura wa abokai. Dokar 'yan kiyaye haɗura a irin wannan hanya mai hannu biyu a kwalta ɗaya 80 ce. Yi lissafi da kanka, ai ka yi boko. Kilomita 80 a gudun 80 awa ɗaya ce. A gudun 120 minti 40. Minti 20 ke nan, kuma ba za ka same su cikakku ba, don dole ka rage a garuruwa da shingaye. A kan wannan za ka kifar mini da mota da 'ya'yan mutane? Kada ka wuce tirela sai ka hango gabanka sarai, kada ka wuce a kwana, kuma in mai shata ya ce yana sauri, ce masa da ya fito tun jiya. Mu da muka yi zamanin da ba waya, in ka lalace a daji sai dai ka aika saƙo ta bakin wani direba, mun san darajar isa lafiya. Ku kuwa kun ɗauka kiran waya yana gyara komai.

Wayar tana da amfani ɗaya gobe. In kun shiga Daura ya ce maka ɗan gaba kaɗan, taka birki, kashe mota, ka kira ni ka ba shi mu yi magana. In za ka ɗauko fasinjan dawowa, shiga tasha ka bi layi, kada ka tsinci na bakin hanya. Kuɗinsu kuma ka kawo mini cif, na san yawan kujerun motata. Tashi ka je ka kira mutumin, ka ce ya same mu a tasha bayan la'asar, ina son in ga fuskarsa.